Kama da Wane Ba ta Wane

Cikin samarin Dutse da wuya ka sami mai wayar hannu wanda bai san PPSSPP ba. Da ita muke buga ƙwallo in an yi hutu, tun da yake a makaranta an hana mu riƙe waya. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san aikinta kwaikwayo ne, wato tana sa waya ta yi kamar ita ce PSP, na'urar wasan da kamfanin Sony ya fito da ita a 2004. Ni makwaikwayiya nake kiran irin wannan manhaja.

Akwai kuma masu kwaikwayon kwamfutocin da suka fi wannan tsufa. A 1982, shekara tara kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka fito da ZX Spectrum a Ingila, da Commodore 64 a Amurka, ƙananan kwamfutoci da ake jona wa talabijin a gida. Yau manhajar Fuse ke kwaikwayon ta farko, VICE kuma ta biyu.

To, gardamar da muke yi a ɗakin kwananmu ita ce, wace makwaikwayiya ta fi, mai sauri ko mai daidaito? Yawancin abokaina sauri suke so. Ni dai ina bayan daidaito, ga kuwa dalilina.

Ƙwaƙwalwar Commodore 64 tana bugawa kamar sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, ta Spectrum sau miliyan uku da rabi, ta wayar yau kuwa ta haura biliyan. Sai mutum ya zaci kwaikwayon ba wuya. Ina! Masu shirya wasannin dā ƙidaya kowane bugu suke yi, har sukan canza launi daidai lokacin da talabijin ke zana wani layi. In makwaikwayiya ta kuskure bugu ɗaya, hoto na iya wargajewa. Bin kowane bugu kuwa yana cin ƙarfin waya, shi ya sa mai neman sauri takan tsallake hotuna, ta yi ƙiyasi a inda ya kamata ta yi lissafi.

Ga wani misali. Talabijin ɗin Ingila, irin namu na Nijeriya, sau 50 yake sabunta hoto a daƙiƙa, na Amurka sau 60. In aka tafiyar da wasan Ingila a kan 60, gudunsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, kiɗansa ya riƙa gaggawa kamar an koro makaɗin. Wanda bai taɓa ganin na asali ba, ina zai gane?

Abin da ya fi damuna ke nan. An daɗe da daina ƙera na'urorin asali, waɗanda suka rage kuma suna ta lalacewa. Wata rana kwaikwayon kaɗai zai saura, in kuwa gurgu ne, na baya za su ɗauka haka abin yake tun farko.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, mu ma kullum kwafa muke yi daga allo zuwa littafi. Wanda ya yi sauri ya bar lamba ɗaya a darasin lissafi, duk wanda ya ari littafinsa ya gaji kuskuren, har zauren jarrabawa. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. A fara daidaitawa tukuna, sauri ya biyo baya.