Wasiƙa zuwa Gwandu a kan ƙurjin ɓeran Masar

Kalgo, Jihar Kebbi

Ƙanwata,

  

Saƙonki ya iso. Kin ce ɓeran Masar ɗin Auta ya sake kumbura a ƙarƙashin haɓa, daidai inda ya fashe kwanakin baya, yaron ya shiga damuwa, ke kuma kin gaji da kai kuɗi kemis a kan dabbar da ba ta kai kuɗin kaza ba. Ban ga laifinki ba. Na zaɓi in rubuto a takarda ne don Auta ya ajiye, ya riƙa dubawa.

Kafin komai, kada a ba ɓeran Ampiclox. Haka amoksisilin, fenisilin, eritromaisin da linkomaisin, ko a kafso ko a ruwa. A hanjin wannan dabba akwai ƙwayoyin halitta masu narka masa ciyawa. Waɗannan magunguna su suke fara kashewa, sai miyagun su samu fili, gudawa ta ɓarke, cikin 'yan kwanaki a wayi gari ya mutu. Mai kemis ba mugunta yake yi ba, abin da ke yi wa mutum da akuya aiki yake miƙowa. Amma a nan, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga dalilin da ya sa ƙurjin ke dawowa. Yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Streptococcus zooepidemicus, wadda ke iya zama a hanci da bakinsa ba tare da ta yi ɓarna ba. Da wani abu mai tsini ya ƙarce shi a baki, sai ta kutsa ta tare a kaluluwar wuya. Jiki kuma sai ya kewaye ta da jaka mai kauri. Mugunyar da ke ciki ba ruwa-ruwa ba ce irin ta marurun mutum, daskararriya ce kamar cuku. In an matsa, kaɗan ke fita, fata ta yi saurin rufewa a kan sauran, jakar ta sake cika. Magani ma da ƙyar yake ratsa wannan jaka, shi ya sa kika ga kamar kuɗinki na tafiya a banza.

Abin da ya fi shi ne likita ya sa shi barci ya cire jakar ɗungurungum. Irin wannan aiki sai wuri kamar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ga kuɗin aiki ga na mota. Hanya mai sauƙi ita ce a kai shi asibitin dabbobi a Birnin Kebbi, a kashe zafin wurin, a tsaga shi da faɗi, a kwashe mugunyar tas. A nan kaɗai za a kashe kuɗi mai ɗan kauri, sau ɗaya. Kada Auta ya ɗauki reza, kada kuma a kira wanzami ya yi masa sakiya. Manyan jijiyoyin jini na nan dab da wurin.

Sauran aikin na gida ne, kuma kusan kyauta. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A zuƙa da sirinjin da aka cire wa allura, a fesa cikin ramin har ruwan ya riƙa fitowa garau, safe da yamma. In ɓawo ya rufe bakin, a jiƙa shi a ɗaye a hankali. Auta zai ji tausayi ya so ya ga ya rufe da wuri, ki hana shi. So ake ciwon ya ciko daga ƙasa, bakin ya zama na ƙarshen haɗewa, ko da zai ɗauki mako biyu ko fiye. Ban da Izal, ban da toka, ban da baƙin mai. A lulluɓe kejin da tsohon gidan sauro saboda ƙuda. In ana buƙatar maganin sha, akwai Septrin na ruwa ko enrofuloksasin, amma likita zai auna nauyinsa ya faɗi adadi, don babbansu ma kilo ɗaya ne ko kusa da haka. In an fara, a kai ƙarshe.

Inda na fi so ki sa ido shi ne abinci. Asalin wannan dabba tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajejen Peru, kuma kamar mutum, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, sai ya ci. Yana buƙatar miligiram 10 zuwa 30 a kullum, fiye da haka in ba shi da lafiya. Mu kuwa da rani dusa da busasshiyar harawa muke tura masa, babu abin kirki na wannan bitamin a cikinsu, sai garkuwar jiki ta yi rauni, ciwo ya ƙi warkewa. Auta ya riƙa bi ta wajen masu lambu: ɗanyar ciyawa, ganyen zogale, yankin gwaba, jan tattasai marar yaji. In sun yi wuya, a raba ƙwayar bitamin C mai miligiram 100 gida huɗu, a narka kashi ɗaya a ɗura masa da sirinji. Kada a zuba a ruwan shansa, lalacewa yake yi. Albasa da lawashi kuwa, duk arharsu in an sauke ta Aliero, ba abincinsa ba ne.

A tsince ƙarangiya daga ciyawar, a daina shimfiɗa masa ƙaiƙayin shinkafa, su ne masu sukar baki. Amma kada a yanke masa ciyawa, don haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. A ware shi daga sauran ɓerayen har ya warke, cutar tana yaɗuwa a tsakaninsu. In maza biyu ne a keji ɗaya suna cizon juna, a raba su. A ajiye su a inuwa mai iska, zafin Afrilu na iya kashe su. Auta ya wanke hannu da sabulu bayan kowane wanki, a ƙona audugar da aka goge ciwon da ita, don ƙwayar takan kama mutum, ko da yake ba kasafai ba.

Akwai kuma inda za a tsaya. In kumburin daga saiwar haƙori ya taso ya ci ƙashin muƙamuƙi, za ki ga yawu na zuba, yana son ci ya kasa, yana ramewa. Wannan wanki ba ya warkar da shi. In likita ya tabbatar, gara a hutar da dabbar da a bar ta cikin azaba, kuma ki gaya wa Auta gaskiya, ya isa ya fahimta.

Ki turo shi ran Asabar da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya sa ɓeran a kwali mai huji da ɗanyar ciyawa a ciki, kada a hana shi ci. Zan tarye shi a tasha mu shiga Birnin Kebbi tare. Kuɗin tsagar na ɗauka, ku ji da na mota.

Allah ya ba da lafiya, ya raya mana zuri'a.

Naki,
Yayanki