Kwana huɗu a gonakin inabi, da cinikin da na ƙi

Jama'a, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Tun da na dawo daga Afirka ta Kudu abin yake cin raina, gara in amayar da shi in huta.

Da yawanku kun san aikina shirya wa mutane tafiya ne: tikiti, biza, otal. A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo cikin masu hannu da shuni, wato tafiya hutun golf, wasan da 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu. Tsarin a haɗe yake zuwa. Da safe a buga ramuka 18, da rana a zagaya gonakin inabi ana ɗanɗana giya kala-kala, da dare a zauna cin abincin ƙasaita. Wani kamfani na can ya gayyace mu mu gani da ido don mu riƙa tallata wa kwastomominmu, maigidana ya ce ni zan je.

Gaskiya wurin ya haɗu. Daga Cape Town zuwa Stellenbosch bai kai awa ɗaya a mota ba. Gari ne da Turawan Holan suka kafa a 1679, gaba da shi kuma akwai Franschhoek, inda Faransawan da suka gudo saboda rikicin addini suka sauka a 1688 suka dasa inabi. Duwatsu ta ko'ina, fararen gidaje, ciyawar filin wasa kamar kafet. Abincin dare kuwa faranti takwas aka jera mana ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai wuce loma biyu ba, kowanne da giyar da aka ce ita ce ta dace da shi. Ni dai ruwan inabi marar sa maye aka yi ta zuba min. Da na koma ɗaki sai da na buɗe kilishin da na taho da shi, don wallahi ban ƙoshi ba.

Direbanmu ne ya sauya min tafiyar. Dattijo ne Musulmi, daga cikin jikokin mutanen da aka kawo yankin daga tsibiran Indonesiya da sauran ƙasashen gabas zamanin bauta. Da ya ga ina neman inda zan yi azahar, ya ce, "Ɗan'uwa, zo mu je." Ya kai ni Macassar, kabarin Shehu Yusuf, malamin da Turawan Holan suka koro zuwa can a 1694. A hanyar dawowa ya nuna min wasu ƙananan gidaje a bayan gonaki, inda ba a bi da baƙi.

Ya ce gonakin nan da gumin bayi aka gina su, kuma ko bayan an soke bauta a 1834, sai aka koma biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana hakan tun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Sakamakon yana nan har yau: yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da lahanin da shan giya lokacin goyon ciki ke jawowa. Ya tuna min yajin aikin De Doorns na 2012, lokacin da masu tsinkar inabi da ake biya rand 69 a wuni suka ce sai 150. Bayan ƙone-ƙone da asarar rayuka, gwamnati ta tsayar da 105 a 2013.

Sai maganar ruwa. A 2018 saura ƙiris famfunan Cape Town su ƙafe. An ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wato jarka biyu irin tamu ta masu ga-ruwa. Da ita za ka sha, ka yi girki, wanka, wanki da alwala. Washegari da asuba na tsaya ina kallon na'ura tana feshin ruwa a kan ciyawar da ba mai ci, ba dabbar da za ta yi kiwo a kai.

Amma in yi adalci. Da yawa daga filayen nan da ruwan bahaya da aka tace suke ban-ruwa, ko rijiyar burtsatse, ba ruwan sha ba. Kuma shi kansa direban ya ce min, "Kada ka je ka hana mutane zuwa. Da baƙin nan nake ciyar da iyalina." Yaron da ke ɗaukar jakar sanduna, matar da ke gyaran ɗaki, mai wanke kwanuka, duk da wannan harkar suka dogara. Ba abu ba ne da za a yanke masa hukunci da kalma ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ina dawowa wani babban kwastomanmu ya kira, yana son a shirya masa shi da abokansa shida, har da zagayen ɗanɗana giyar. La'adar da zan samu ta isa kuɗin makarantar yarana na shekara. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Golf ba haram ba ne, abinci mai tsada ma in da halal ɗinka ka saya, kai da aljihunka. Amma duk wanda ya zauna gaban malam ya san cewa a sha'anin giya ba mai sha kaɗai aka yi wa kashedi ba, har da mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Kuma bayan abin da na gani a bayan gonakin nan, ban iya kallon kofin a matsayin ado kawai ba.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, zan shirya wasan, otal da abincin halal, in ƙara muku da ziyarar Bo-Kaap da masallacin Auwal na 1794, da tsibirin Robben inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Amma ɓangaren giya ka nemi wani." Ya yi dariya ya ce ustazanci ya kama ni, ya kai cinikinsa wani kamfani. Maigidana bai ji daɗi ba, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce.

Ban faɗi wannan don a yaba min ba. Otal ɗin da nake kama wa mutane kullum ma ana sayar da giya a cikinsu, jiragen ma haka. Wani abokina ya ce min ai layin da na ja na son rai ne, kuma ban samu amsar da ta gamsar da shi ba. Abin da na sani kawai, akwai bambanci a zuciyata tsakanin kai mutum masauki da kai shi bakin tulu da hannuna.

Malamai da 'yan kasuwar da ke cikinku, ina iyakar take? Ku faɗa min gaskiya, ko da ba za ta yi min daɗi ba. Kuɗin makaranta dai saura sati uku, Allah Ya hore mana ta hanyar halal.