Farin Layi a Mahjar

Mai zuwa Umara da wuya a bi da shi ta Mahjar. Ba Balad ba ce mai tsofaffin gidaje, ba kuma bakin teku ba ce da ake zuwa ɗaukar hoto. Unguwa ce a kudancin Jidda, ta rumbunan ajiyar kaya da tirelolin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa. In ka ji mutanenmu sun ambace ta, yawanci dubiya za su Asibitin Sarki Abdul'aziz. Ni kuwa fenti ne ya kai ni.

Binciken digirina na biyu a kan layukan da ake shatawa a titi ne. Ina gina lissafi a kwamfuta wanda zai faɗi daga nisan mita nawa direba zai hango layi da dare. Gwaggona har yau cewa take an tura ni Saudiyya karatun fenti. Alhali ba fentin ne ke haske ba. Wasu ƙananan ƙwayoyin gilashi ne, ba su kai ƙwayar gero ba, ake barbaɗawa a kai tun yana ɗanye, su ke mayar da hasken fitila zuwa idon mai tuƙi. Taya ta kankare su, ƙura ta rufe su, sai layin ya mutu da dare ko da yana nan fari da rana. Ruwa kuwa in ya kwanta a kansu, magana ta ƙare.

Abin da ya sa na zaɓi Mahjar shi ne, na'urar awon da ake amfani da ita ta ɗauka kowa a ƙaramar mota yake: fitila santimita 65 daga ƙasa, ido santimita 120, yana kallon mita 30 a gabansa. Direban tirela can sama yake zaune, nesa da fitilarsa, don haka hasken da ke komo masa bai kai haka ba. 

Kawuna ne ya ɗauke ni bayan Isha. Ya haura shekara talatin a Jidda, direba ne a gidan wasu Larabawa. A Karantina yake zaune har rusau ya tashe su. Da muka bi ta gefen wurin bai ko waiwaya ba, ya ce da hannu kawai, "Nan ne." Fili ne fetal.

Na roƙe shi duk sanda ya hango kibiyar da aka zana a kwalta ya ce "ga ta", ni kuma in danna agogo har mu taka ta. A gudun kilomita 60, mota na cin kusan mita 17 a sakan ɗaya, kuma ana son direba ya samu kamar sakan biyu. Ni ina hango kibiyar da wuri. Kawu sai mun kusa hawa kanta yake magana. Sau bakwai muna yi. Na san ido na ƙara buƙatar haske in shekaru suka ja, yana cikin lissafina ma. Amma wannan ya wuce na shekaru.

Na yi shiru har muka wuce asibitin. Iƙamarsa a kan tuƙin nan take, haka kuɗin makarantar yara huɗu a Katsina.

"Kawu, yaushe rabonka da likitan ido?"

"Ke da aka turo auna titi, ya kika koma auna ni?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Wata tirela ta dallo mana fitila, na ga ya rage gudu sosai, ya riƙe sitiyari da hannu biyu har ta wuce. Sai da muka tsaya shan shayi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar Lahadi ki raka ni. Amma kada Innarki ta ji tukuna."

Awon nan bakwai suna cikin littafina, ban shigar da su kwamfuta ba.