Gayya a fadamar Gesheme

Litinin
Hunturu ya kankama, hazo ya rufe Dallol Mawri. Da hantsi muka zagaya tabkin da ke gefen gonakin rake. Rabinsa ya koma yashi, sauran kuma kacala ta shaƙe shi. Balbelu na bin shanu, zalɓe ɗaya na tsaye cikin ruwan da bai kai masa gwiwa ba. Wani dattijo mai lambu ya ce da ƙuruciyarsa kukan kirinjijiya ke tashinsu da asuba. Na ce, "Baba, ina suka tafi?" Ya nuna tudu da sanda: "Tambayi can."

Talata
Mun hau tudun, na kuwa gane nufinsa. An sare itatuwa, ƙasa ta zama fako. In ruwa ya sauka ba ya nutsewa, sai ya yanka kwazazzabo ya kwashi yashi ya zuba a fadama. Dallol ɗin nan tsohon kwarin kogi ne da ya gangara kudu har wajen Gaya, ruwansa na kusa da doron ƙasa, shi ya sa rake da rogo ke yi har da rani. A 2004 aka sa wani yanki nasa cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Sai dai sunan da ke takarda ba ya tare yashi.

Laraba
Taro a ƙofar maigari: masu lambu, mata masu sana'ar kaba, jami'in gandun daji, da wakilin makiyaya. An jima ana ce-ce-ku-ce. Masu lambu na son a kewaye tabkin duka da ƙaya. Bafulatanin ya saurara har suka gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in an toshe burtali, ina dabba za ta sha?" Gaskiyarsa. Aka tsaya a kan barin mashaya ta gabas, a hana shiga ɓangaren da ciyawa ta yi duhu, inda tsuntsaye ke saƙa. Yara masu danƙo ma an ja musu kunne.

Alhamis
Gayya. Maza da diga suna haƙa rami mai siffar rabin wata a kan fako, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, mata na jera duwatsu bisa layi. Tafin hannuna ya yi kanta tun kafin azahar. Wata inna da ke kusa da ni ba ta ɗaga kai ba sai da ta cika layinta. Ta ce in damina ta faɗi, a nan za a dasa bagaruwa.

Juma'a
Ba aiki. Bayan masallaci hira ta koma kan shamuwa, wadda ba mai taɓa sheƙarta don ita ke kawo albishirin damina. Na so a ce gauraka ta samu irin wannan alfarma, ita da ake kamawa a kai gidajen masu hali.

Asabar
Mun shiga kacala da lauje da adda. Aiki ne mai cin rai: in ba a yanke ta ƙarƙashin ruwa ba, tohowa take. Matsattsaku sun sha jinin samari, ba wanda ya fita. Mata sun kwashe abin da aka yanka za su yi asabari. Kafin la'asar ruwa ya buɗe kamar faɗin masussuka biyu. Jami'in gandun daji ya ce a watan Janairun nan ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, har da masu zuwa daga Turai, ya nemi samari biyu da zai koya wa aikin. Biyar suka ɗaga hannu. Maigari ya sa Alhamis mai zuwa a koma tudu.