Gilashin da ya cinye mana kuɗin abinci

Yawancinmu a kwamfuta muka fara sanin wasan fimbol, wannan da ke zuwa cikin Windows XP, wanda muke bugawa a ɗakin kwamfutar sakandare da zarar malami ya juya baya. Shi ya sa da aka ce kowane rukuni a ajinmu ya ƙera abin da zai nuna a baje kolin ƙarshen zango, mu huɗu muka ce injin fimbol na gaske za mu yi.

Mun karanta yadda ake ƙera shi a Amurka. Filin da ƙwallo ke gudu a kai katako ne, irin wanda kafintoci ke kira filawud, an shafe shi da fenti da man ƙyalli, an karkata shi kamar digiri 6.5. Ƙwallon kuwa ƙarfe ne zalla, faɗinsa milimita 27, nauyinsa kusan giram 80. Gilashin da ake gani murfi ne kawai a sama. Mu kuma sai muka raina katakon. Muka ce gilashi ya fi sumul, kuma idan muka jera fitilu a ƙarƙashinsa, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya.

Muka haɗa kuɗi daga abin da aka aiko mana na abinci, muka nufi wurin wani dattijo mai yankan gilashi. Da ya ga zanenmu ya ƙirga ramukan da muke so, sai ya girgiza kai. "Samari, wannan aikin kafinta ne." Muka ce, "Baba, kai dai yanka mana." Ya yanka.

A rami na uku gilashin ya tsage daga gefe zuwa gefe. Muka koma muna neman mai ƙarfin nan da ake gasawa, irin na tagar mota. Nan Baba ya fahimtar da mu cewa shi wannan ba a huda shi bayan an gasa. Ana taɓa shi da injin huda zai tarwatse ya zama tsakuwa. Sai dai a huda tun kafin gashi, ke nan babu damar sauya wurin ko da kusa ɗaya daga baya. Mu kuwa kullum cikin sauya zane muke.

A kan guntun da ya rage muka gwada ƙwallon boris. Ƙara kamar ana jifan kwano, ga santsi, ba ka sanin inda zai nufa. Sannan kusa ba ta kama gilashi, alhali sandunan da ke bugun ƙwallo da ginshiƙan da yake karo da su duk sai an ɗaure su tamau, don dubban bugu za su sha.

Saura kwana tara muka je wurin kafinta, aljihu ya yi sanyi, garin kwaki ya zama abincin dare. Katako ya karɓi kowace kusa, inda muka yi kuskure muka cike muka sake hudawa. Fitilun da muke kwaɗayi ma sun samu, ta 'yan ramukan da muka toshe da roba mai launi, kamar dai yadda masu ƙera na ainihi ke yi.

Baba ne ya yanka mana murfin. Da muka miƙa masa kuɗi, ya mayar mana da rabi, ya ce mu je mu ci abinci.