Daga Lolo Zuwa Teburin Sinawa

Wanda ya san Lolo, garin kan iyaka a ƙasar Bagudo, ya san abincinta ba ya bukatar fatawa: shinkafar fadama ce da kifin Kwara, mahauci kuwa sahu ɗaya kuka yi sallar Asuba. Daga nan muka ƙetara Jamhuriyar Benin, muka bi Malanbil da Kandi da Paraku har Kwatano. Can wani attajiri, abokin cinikin ɗan'uwanmu, ya gayyace mu gidan abincin Sinawa, irin na manya.

Teburin kewayayye ne, da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya, kowa ya juyo farantin da yake so. Maimakon cokali, tsinke biyu. Aka kawo gasasshiyar agwagwa tana ƙyalli, muka janye hannu. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida yankan Ahlul Kitabi ta halatta, galibin Sinawa kuwa ba sa cikinsu. Sai muka nemi kifi, tun da ba ya bukatar yanka. Nan ma sai da lura, domin girkinsu yakan haɗa da giyar shinkafa ko kitsen alade. Muka yi wa kuku bayani, ya turara mana kifi da citta da albasa kaɗai.

Mai masaukinmu ya ɗan ji nauyi, amma ciniki bai ɓaci ba.

To, 'yan kasuwa masu zuwa Guwanzu, ku nemi gidajen abincin Musulmin ƙabilar Hui, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11. Inda babu su, ku yi tambaya kafin loma.

Allah Ya tsare cikkunanmu daga haram, amin.