Ƙugun Shirwa

Mu da muka taso a Inkil, a bakin hanyar da ta fita daga Bauchi ta nufi Gombe, ba mu san wata abokiyar gaba da ta kai shirwa ba. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, amma a gidajenmu har mu masu kazar gudu muke yi, muna ihu muna jifa, alhali tuni ta yi sama da ɗan tsako. A wancan lokaci mun ɗauka duk sharrinta a farata yake.

Wata rana danƙonmu ya yi sa'a, muka kayar da guda a bayan mayanka. Muka ɗauke ta muna murna, muka kai wa wani dattijon mahauci da ke wasa wuƙa a inuwa. Bai yaba mana ba. Sai ya ce, "Samari, tunda kun kashe ta, ku zauna ku ga abin da kuka kashe."

Ya fige gashin, ya tsaga fatar daga ciki zuwa ƙafa. Ya nuna mana cewa gaɓar da muke kira gwiwa, wadda ke lanƙwashewa baya, idon sawu ce. Gwiwar gaske tana can sama a ɓoye, a ƙarshen wani gajeren ƙashin cinya da ke kwance jikin haƙarƙari. Ƙashin ƙugun kuwa ya haɗe da na baya sun zama faranti guda, tsoka ta kama shi gaba da baya: ta gaba tana ɗago cinya, ta baya tana mayar da ita. Daga nan ya lanƙwasa ƙafar, sai muka ga faratan sun damƙe da kansu. Muka zabura, muka ce, "Baba, da ranta!" Ya yi murmushi ya ce jijiya ce. Tsokar da ke jan yatsun a ƙwauri take, jijiyoyinta suka bi ta bayan idon sawu suka sauka. Ashe farata 'yan aike ne, masu aiken suna sama cikin gashi.

Sai da muka shiga jami'a muka ci karo da sunan Alfred Garrod, masanin da ya yi aikin fiɗar dabbobi a gidan namun daji na Landan. A 1873 da 1874 ya bayyana tsokoki huɗu da ke tsakanin ƙugu da cinya, ya laƙaba musu haruffan A da B da X da Y, ya rarraba tsuntsaye bisa waɗanda suke da su da waɗanda suka rasa. Kaza tana da duka huɗun. Dangin shirwa da gaggafa kuwa ɗaya kaɗai gare su, wato A, wadda ta taso daga gindin wutsiya ta kama ƙashin cinya. A nan muka tuna dattijon nan. Ƙafar kaza ta yawo ce da tono, ƙafar shirwa kuwa hannu ce. Abin da muke kira sata, shi aka halicce ta a kansa, ba ta da turmi ba ta da rumbu.

Ungulu ma 'yar wannan dangi ce, ga shi kuwa rufin mayankar da muka saba gani baƙi ƙirin da su ya zama fayau. Guba da farautar masu neman kanta don magani sun ci ta, har a 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Shirwa dai tana nan tana shawagi. Idan inuwarta ta gifta, 'ya'yanmu suka rarumi danƙo, mukan ce su ajiye, su ɗauko kwando su kife 'yan tsakin.